Yayen Bilal a Tibiri

Hidaya na zaune a tsakar gidan surukarta a Tibiri, matsamin suya a hannu, takardun darasi a kan cinya, Bilal kuma goye a bayanta yana tsotsar bakin zani. Washegarin sallar layya ce. An sassare ragunan da aka banƙare jiya, kuma a gidan Hajiya Rabi matar babban ɗa ce ke tsayawa kan kasko har tsokar ƙarshe. Ba ruwan kowa da cewa matar babban ɗan tana shekarar ƙarshe a makarantar ungozoma a Maraɗi, kuma jarrabawa na jiran ta da an koma hutu.

Mai ya fantsalo kan takarda. Ta duƙa za ta goge, Bilal ya tsandara kuka, nama ya soma ƙauri.

Hajiya ta leƙo daga rumfa. "Hidaya, suya kike ko boko?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Egzame ne ya matso, jarrabawar ƙarshe."

"Na gani ai. Ke ba ki huta ba, yaro bai huta ba." Ta juya wajen ɗanta Zakari, mijin Hidaya, wanda ya baje a tabarma yana aika hanta ciki hankali kwance. "Ku bar mani wanga yaro nan in yaye shi, ita ta ji da lakwal ɗinta, ta gama karatun."

Hajiya ba da mugunta ta faɗa ba, a ba ta haƙƙinta. Kowa a hannun kaka aka yaye shi. Sai dai Bilal bai daɗe da cika shekara ba, ko tafiya bai iya ba.

Zakari na son matarsa. Shi ya yi wa iyayenta alkawarin ba zai cire ta daga karatu ba, shi ke kai ta makaranta a kan moto kowace safiya. Ya dube ta. "To, mi kika ce?"

Me za ta ce? Bilal ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta kira a gidan nan, ko wasa ba ta yi masa in akwai idon manya. Yau kuma ta buɗe baki gaban uwar miji ta ce a bar mata ɗanta? Ta sunkuyar da kai, hayaƙi ya ba ta dalilin share ido.

"Duk yadda Hajiya ta gani," ta ce.

Zakari ya ji abin da ya fi masa sauƙi, ya yi wa mahaifiyarsa godiya.

Sai da suka hau hanyar Maraɗi, bayanta sakayau ba goyo, sannan Hidaya ta yi magana.

"Ka ba da shi kamar cinyar rago."

"Haba Hidaya, ai tambayar ki na yi."

"Gaban mahaifiyarka? Ka taɓa jin na faɗi sunanshi a gidan can?"

Ya ce, "Don ke na yi. Yanzu da wane baki zan koma in ce ta ba ni jikanta? Ki daure ki samu diplom ɗinki tukuna."

Ta daure, tunda ba ta da wani zaɓi. Ɗakinsu na unguwar Zariya a Maraɗi ya yi tsit yadda take fata a da, amma shirun ya fi kukan Bilal hana ta karatu. Nono ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta. Ta ɗaure ƙirji da ɗankwali tana haddace babin shayarwa, inda aka jero amfanin nonon uwa har shekara biyu. Ta ji haushin Zakari, ta ji haushin kanta, ta ci gaba da karatu.

Ranar jarrabawar ƙarshe Zakari ya zo ɗaukar ta a bakin makaranta. Iska ta ɗaga hijabinta, ya ga gaban farar rigarta ta makaranta ya jiƙe sharkaf da ruwan nono.

"Haka kika rubuta?"

"Haka nake tun da muka baro shi."

Bai yi hanyar gida ba, Tibiri ya nufa. Ya durƙusa gaban Hajiya ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun ranar suya. Tsohuwar ta riƙe haɓa.

"Ni na zaci taimako nake. Ita kunya ta rufe mata baki, na sani. Kai fa, mi ya rufe maka ido?"

Ta miƙa yaron. Hidaya ta shige ɗaki da shi, ta saki labule, ta kira sunansa a hankali, ta ba shi nono. Bilal ya dube ta, ya kau da kai, ya miƙa hannu wajen ƙofa yana neman kakarsa da kofin kunu. Hidaya ta sake gwadawa. Ya sa kuka.

Haƙurinta bai tafi a banza ba. Sakamako ya fito ta ci, ɗanta ya dawo ɗakinta, Zakari kuma ya koyi goyo da damun kunu ba tare da an roƙe shi ba. Amma maza su ji: shirun mace gaban manya ba amincewa ba ne. Mai son jin gaskiyar matarsa ya ja ta gefe ya tambaye ta.

Hidaya ta yafe wa mijinta, ta faɗa masa da bakinta. Bilal dai bai sake kama nono ba.