Gefen Hoton da Aka Datse

Ranar Litinin da safe Tabitha Kwaji ta buɗe ofishinta a wata ƙungiyar manoman masara da ke Mubi, ta tarar da caja a jone, kwamfutar babu. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Aikin damina uku ne a ciki: hotunan tsutsar da ke cin masara a gonakin Vimtim, da silaid ɗin jawabin da za ta haska da majigi a taron Yola ranar Alhamis. Wanda jawabinsa ya gamsar, shi za a ba jagorancin yaƙi da tsutsar.

Sufeto Khamis Abbagana aka turo. Wata takwas ke nan da kawo shi Mubi, iyalinsa suna Maiduguri, ba mai jiransa a gida, don haka ba ya gaggawa da aiki.

Ya fara da maigadi, Baba Lawali. Mabuɗin get kaɗai ke hannunsa, aka gwada a ƙofar ofis bai shiga ba. Sakatariya Eva tun Juma'a tana Michika wajen jana'iza, nata mabuɗin yana jakarta, fastonsu ya tabbatar ta waya. Saura Eric, abokin aikin Tabitha, wanda shi ma yana da mabuɗin ofishin, kuma zai yi jawabi a Yola.

Eric bai ko girgiza ba. Ya ce yana da nasa silaid, me zai yi da na wani? Da kansa ya buɗe a kwamfutarsa. Khamis ya ƙara girman wani hoto har sau huɗu, ɗigon da ke bayan tsutsar ya fito tas. Ya karɓi wayar Eric ya duba hotunan ciki, duk wanda ya ƙara wa girma sai ya dushe.

“Da me ka ɗauki waɗannan?”

“Kyamarar aro, yallaɓai.”

“Ta wa?”

Eric ya ce ya manta sunan. Mantuwa ba hujja ba ce, sai Khamis ya koma wajen Tabitha. Tana zaune ita kaɗai gaban tebur, ta naɗe cajar a hannu. Ya tambaye ta yadda take adana aikinta. Ta ce sau ɗaya ta taɓa jin kunya gaban jama'a, hotunanta suka fito a bango kamar an shafa musu ruwa, saboda manhajar haɗa silaid tana matse hotuna lokacin adanawa. Tun ranar take kashe matsewar a kowane fayil, ta sa hoto yadda kyamara ta ɗauko shi. Ko an datse gefensa, ɓuya kawai yake yi, yana nan.

Khamis ya tara su a ofishin Eric. Ya ce Tabitha ta danna hoto na bakwai a silaid ɗin Eric, ta buɗe gefen da aka datse. Ganyen masara ya ja gefe. Hannu ya bayyana riƙe da shi, sannan fuskar wani mutum da malafa, yana dariya.

“Zacharia ne,” in ji Tabitha a hankali. “Mijina. Bara da damina ya rasu.”

Khamis ya juya ga Eric.

“Wayarka ba ta iya wannan hoton. Fayil ɗinta ka kwafa, ka canza suna, ka datse mutumin don kada a gane. Ka zaci ka yanke shi. Ita kuwa ta hana fayil ɗin zubar da komai.”

Eric ya sunkuyar da kai. Ya ce shekara tara yana aikin, ba a taɓa ambaton sunansa ba. An samo kwamfutar Tabitha a gidansa a Kolere, cikin buhun taki, amma ya riga ya goge komai.

Da aka gaya wa Tabitha, ba ta tambayi taron Yola ba. Ta ce hotunan Zacharia na ƙarshe duk a kwamfutar suke, yanzu wannan kaɗai ya rage.

“Sufeto, kafin ku tafi da kwamfutarsa, ku bar ni da shi kaɗan.”

Khamis ya sa aka fita da Eric, ya ja mata ƙofa. Ta matso da kujera, ta ƙara wa hoton girma har fuskar ta cika allo. Ko furfurar gemunsa ana iya ƙirgawa.