Mai Ɗakin Ƙarshen Baranda

Duk wanda ya san otal ɗin da ke tsakiyar birni ya san Mai Jaka. Dillali ne marar ofis. Ofishinsa wata kujera ce a falon baƙi, kusa da tukunyar fulawar roba, inda sanyin esi ke sauka kyauta. Da safe zai shigo da kwat ɗinsa ɗaya tilo da jakar fata wadda ba komai a cikinta sai cajar waya, ya sayi shayi kofi guda ya yi ta jan sa har la'asar. In an kira shi a waya sai ya ce, "Same ni a otal, nan na sauka." Alhali bai taɓa taka ko hawa na farko ba.

Otal ɗin ya samu wuri. Bankuna a damansa, ma'aikatu a hagunsa, tashar jirgin ƙasa a bayansa. Duk kwangilar birnin a falon nan ake ƙulla ta, a ɗakunan sama a raba ta. Masu abin su yi taro da rana, da yamma su sauko da gajeren wando su faɗa wurin ninkaya da 'ya'yansu. Shi kuwa ya bi motar haya ya koma bayan gari, inda matarsa ke jiransa, da Inna mahaifiyarsa, da ƙanensa mai gyaran babur, da 'yarsa guda da ake kira Auta ko da yake ba ta da yayye.

A riƙe wannan: ba yunwa ake ji a gidan ba. Abin da ke cin Mai Jaka shi ne ƙarar lif, na'urar hawa bene, duk sa'ad da ta rufe da wani ta bar shi a ƙasa.

Wata rana wani ɗan kwangila da ake kira Tumbi ya tsaya a kansa.

"Mai Jaka, kujerar nan ta fi matarka saninka. Yaushe za a ɗaura muku aure?"

"Ranka ya daɗe, jira nake ka tuna da ni."

"Ni wa ya tuna da ni? Hawa na yi." Ya nuna sama da leɓe. "Hawa na ƙarshe, ƙarshen baranda. Akwai wani tsoho. Da rana tsaka yake ganin mutane. Ka ce ni na turo ka."

Kowa ya san Tumbi ya binne mata da 'ya'ya, kuma ya daina kwana a gida. Mai Jaka ma ya sani. Takalmin Tumbi ya kalla, bai kalli idonsa ba.

Da rana tsaka Mai Jaka ya hau. Tsohon ya buɗe ƙofa sanye da farar rigar wanka ta otal da silifas. Labule a sauke, esi a kashe, amma sanyin ɗakin har cikin haƙori. Ƙamshin sabulu ne ya fara tarar Mai Jaka, a ƙarƙashinsa kuma wani ƙarni irin na mahauta bayan an tashi. An rufe madubi da tawul. Kabad ɗin kaya a buɗe yake, ba riga ko ɗaya a ciki, sai mukullan gidaje rataye reras, kowane an ɗaure shi da gashin mutum. Ta ƙofar banɗaki yana hango bahon wanka cike da baƙin ruwa wanda ko motsi ba ya yi.

"Me kake nema?"

"Baba, so nake in hau."

"Ai ga ka ka hau."

"So nake in zauna a sama."

Tsohon ya tura wata ƙofa da ta haɗa ɗakinsa da na kusa. Ɗaki ne kamar kowane ɗakin otal, sai dai gadon. An shimfiɗa farin zane, an ja shi tsam, amma a tsakiyar katifar akwai lotsawa mai tsawon babban mutum, kamar ana kwance.

"Ɗakin nan da mai shi," in ji tsohon. "Yana wurin nan tun kafin a aza tubalin farko. An yi gini a kansa ba a tambaye shi ba. Ya gaji da ɗaki ɗaya, yana son ya ga gari."

Mai Jaka ya juyo ya dubi tsohon. "Baba, in faɗa maka tun yanzu. Ba na ba da jini. Ba uwata, ba matata, ba 'yata."

"Wa ya tambaye ka jini? Ka ga wuƙa a nan? Nan otal ne, masauki muke bayarwa. Duk ranar da kake son ciniki ya faɗa, ka kwana a gadonsa. Da safe ka sauka, wanda ka miƙa wa hannu ba zai iya ce maka a'a ba."

"Shi kuma fa?"

"Wanda aka kwanar masa a gado ai dole ya nemi makwanci. Zai je ya kwana a naka."

Mai Jaka ya tuna katifarsa da ta sha duniya, dariya ta kuɓuce masa. "To, sai ya yi haƙuri da kuɗin cizo." Sannan ya gintse fuska. "Zai taɓa min iyali?"

"Baƙo ne. Kai in ka sauka a otal, me kake yi? Ka yi amfani da abin da ka tarar, ka kama gabanka."

Dillali ya san magana mai rami, da irinta yake cin abinci. Ya ji ramin nan sarai. Amma sai ya tsallake shi ya kama wani cinikin.

"Sau nawa zan kwana?"

"Yadda ka ga dama. Ba mai tilasta ka."

"In na ce na daina?"

"Ka daina."

Wannan ya kwantar masa da hankali. Ya ce a ransa, sau ɗaya, in ya yi yawa sau biyu.

"Sharaɗi guda ne," in ji tsohon. "Gadon nan kai kaɗai. Duk wanda ya rufe ido a kansa ya ba da wurinsa."

Ya karɓi mukullin gidan Mai Jaka, ya tsinko gashi daga tsakiyar kansa ya ɗaure, ya tsoma a baƙin ruwan. Mukullin ya fito a bushe. Ya rataye shi cikin 'yan'uwansa, ya ce masa ya fuskanci gadon ya ce, gidana gidanka ne. Mai Jaka ya faɗa. A hankali lotsawar katifar ta fara tasowa, har zanen ya miƙe sumul. Wani sanyi ya gifta ta kafaɗarsa ya nufi ƙofa.

Daren nan ya kwana a gadon. Washegari ya sauka daga lif ya miƙa wa wani babban darakta hannu. Kafin azahar kwangila ta faɗa. Kafin shekara ta zagayo ya yi mota, ya yi direba, ya gina gida mai bene. Ɗakin gadon nan na ƙarshen baranda ya zama nasa, da sunansa ake ajiye shi. Masu gadin da a da ke hararar sa suka koma sara masa.

Tun kwanan farko matarsa ta yi masa ƙorafi.

"Baban Auta, jiya lafiya? Ka shigo ba sallama, ka share tukunya har da rabon yarinya, ka kwanta jikinka kamar ƙanƙara."

"A otal na kwana."

Ta yi dariya. "To, sai dai in tagwaye Inna ta haifa ta ɓoye ɗaya."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta kira shi ɗakinta ta ce ya rufo ƙofa.

"Wanda ke shigowa da fuskarka ba ni na haife shi ba. Ba ya gaishe ni. Tsayawa yake a bakin ƙofata yana kallona kamar mai duba kaya a kanti. Ɗan nan, me ka jajibo mana?"

"Inna, tsufa ne. Zan kai ki a duba miki ido."

"Idona ƙalau. Kai ne ba ka son gani."

Ya yi zaton sabon gida zai ɓatar da baƙon, tunda mukullin tsohon gida aka rataye. Ashe ba ƙofa mukullin ke buɗewa ba. Ranar da ya samu kwangilar kayan asibiti aka tarar da Inna a kan gadonta ba rai, a ƙanƙance, kamar tawul ɗin da aka matse aka yar. Ya yi kuka, ya rantse ya daina. Ya daina ɗin kuwa, har sai da aka fara zancen kwangilar titi.

Bayan kwangilar titin, ƙanensa, ƙato mai ɗaga injin babur da hannu ɗaya, ya fara ramewa kamar ana zuƙe shi ta wani rami. Likitoci suka rasa gane kansa. Ya bi Inna.

Matar ba ta mutu ba. Wata safiya dai aka ga tana bin ɗakunan gidan tana ƙwanƙwasawa a hankali tana cewa, "Gyaran ɗaki." Ta shiga ta ja zanen gado tsam, ta ninke tawul, ta jera sabulu, ta fito ta sake. Ba ta taɓa shiga otal ba a rayuwarta. In ta ga mijinta sai ta rusuna ta tambaye shi ko yana buƙatar ƙarin filo.

Saura Auta. Baƙon ya fara tsayawa a ƙofarta, ita ta faɗa wa Mai Jaka da bakinta.

"Baba, me ya sa in ka dawo daga otal ba ka ƙifta ido?"

A nan mai hankali zai tsaya. Ba mai tilasta shi. Amma ga kwangilar da ta fi duk na baya tana tahowa, sai dillancinsa ya motsa, ya ce zai yi wa baƙon wayo. Zai kwashe iyalin ya kawo su otal hutu, baƙon ya je ya tarar da kango. Dama Auta ta daɗe tana naci a kai ta wurin ninkaya. Ya kama musu ɗaki a hawa na ƙasa, ya tura direba ya ɗauko su, shi kuma ya shiga ɗakin taro.

Abin da bai lissafa ba shi ne karamcin otal. Al'adar gidan ce, in iyalin babban baƙo suka zo, a ɗaga su zuwa ɗaki mafi kyau ba tare da an tambaye shi ba. Da la'asar ya fito daga taro, manaja ya tarye shi yana washe baki.

"Yallaɓai, mun yi maka 'yar bazata. Iyalinka a hawa na ƙasa, kusa da hayaniyar kicin? Haba, ai da kunya. Mun kai su ɗakinka na sama. 'Yar hajiyar ta sha ninkaya har ta gaji, ta hau ta ɗan kwanta."

Mai Jaka bai jira lif ba. Matakala ya bi, ya yar da jaka a hanya.

Matarsa na tsaye tana ninke tawul. Auta na zaune a bakin gado, gashinta a jiƙe, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu kamar dattijon da ya gama cin abinci. Ta ɗago ta dube shi. Ba ta ƙifta ba.

"Sannu da ƙoƙari, mai masauki," ta ce.

Ya faɗa kan ƙofar tsakiya yana duka. Tsohon ya buɗe, da rigar wankansa.

"Na faɗa maka kai kaɗai."

"Barcin rana ne, Baba! Yarinya ce, ba ta san komai ba! Ga gidana can ba kowa, ya je ya zauna har abada!"

"Kai kana da gida, shi ya sa ya shiga gida. Ita me take da shi? Gadon da take kwana a kai naka ne, rigar jikinta taka ce. Wurinta ɗaya ne a duniya, jikinta, shi ta bayar."

"To ita tana ina?"

Tsohon ya nuna gadon. A tsakiyar farin zanen akwai 'yar ƙaramar lotsawa, irin ta yaron da ya dunƙule don sanyi.

"Ka mayar da ita. Ɗauki komai. Ɗauke ni."

"Kai ai ya gama da kai. Ya ce wannan masaukin sabo ne, zai daɗe. In ya gaji zai bari. Ka dai ga yadda yake barin wuri."

Abin da ke cikin jikin Auta ya diro daga gado, ya wuce ta gabansu, ya shiga lif. Masu gadi sun ga yarinya da jiƙaƙƙen gashi ta ratsa falo ta fita titi. Ɗaya ma ya sara mata. Ba a sake ganinta ba.

Daga ranar ba wanda ya ƙara karɓar hannun Mai Jaka. Dangin matar suka zo suka tafi da ita. Mota ta tafi, gida ya bi ta, duk don a ci gaba da ajiye masa ɗakin kada a saukar da wani a kan gadon. Da abin ya ƙare, aka karɓe katin buɗe ƙofar.

Yana nan har yau a kujerarsa, kusa da fulawar roba. Ba ya kallon masu kwangila. Masu gyaran ɗaki yake tsarewa in sun zo wucewa da kekensu, ya kama bakin rigarsu.

"'Yar'uwa, in kin hau, kada ki ja zanen da ƙarfi a tsakiya. Ki lulluɓa mata bargo. Daga ruwa ta fito."

Suna fizge riga su wuce. Amma a tsakaninsu sun san zanen ɗakin nan kullum da laima ake cire shi, kuma ba wadda ke yarda ta shiga ita kaɗai.

Kai da ke zaune a ƙasa kana jin haushin ƙarar lif, ka ci abin da guminka ya kawo ka koma gida ka kwana a gadonka. Ba wanda ya sa wa Mai Jaka wuƙa a wuya. An faɗa masa farashi ƙarara, uwarsa ta gargaɗe shi, kaburbura biyu sun gargaɗe shi, kwaɗayi ya ce masa saura ɗaya. Duk wanda ya ce zai ba ka duniya a kan kwana guda, tambaye shi wa zai kwana a gidanka. In ka ji amsar ka tsallake ta, kada ka kira abin da ya biyo baya ƙaddara.