Rediyoyin Yaya

Igiyar takalminsa ɗaya a kwance take. Abin da ta fara gani ke nan, don ba ta iya kallon baƙo a ido. Laftanar ne, ya kawo ɗakin gwaji ƙananan rediyoyin da rundunarsa za ta tafi da su fagen daga. Aikinta shi ne ta tabbatar ba sa tona asirin mai ɗauke da su.

"Injiniya, a duba da kyau," in ji shi. "Ni zan rataya ɗaya a ƙirji."

Murmushi ya kuɓuce mata.

Daga ranar kullum sai ya sami dalilin leƙowa. Da yamma kuma saƙo ya biyo: "'Yar shiru, yau ma rediyo kika kalla. Ya fi ni sa'a."

Ta kan amsa: "Shi ba ya surutu."

Ashe yana yi. Ɗabi'arta ce ta kashe na'ura, ta rufe ta a akwatin ƙarfe mai kama sigina, ta saurara. Wannan ko a kashe yana ƙoƙarin aika inda yake zuwa wata baƙuwar kwamfuta. Kuma kamfanin yayanta ne ya shigo da su, yayan da ya tsaya mata har ta gama jami'a.

Da ta tunkari Yaya da maganar, ya ce, "Auta, wallahi ban sani ba. Ɗan ba ni lokaci in gyara."

"Yaya, sun kusa tafiya."

"Su, ko shi?"

Ta rubuta abin da ta gani. Aka soke kwangilar, kamfanin ya rufe.

Da Laftanar ya turo manyansa, Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya raba masa 'ya'ya ba. Laftanar ya tafi aiki, ya dawo lafiya, ya sake turowa. A ƙarshe Yaya ne ya ce, "A ba shi, Baba. Ai ta riga ta zaɓa."

Ranar auren gida ya cika, iyaye na ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya. Wayarta ta yi haske: "Matata, ɗago ki kalle ni."

Ta ɗago, sai idonta ya faɗa kan Yaya tsaye a bakin ƙofa, ya rame. Ta yunƙura tana tattara riga. Kafin ta ratsa mutane ya sa takalminsa ya fice.