Hoton Habiba Sau Ɗari Biyu da Sha Huɗu

"Ta sake tsayawa!" Ramla ta buga tebur.

Karo na uku ke nan tun safe da manhajar gyaran hoto ta ƙame. Saƙon da ke kan allon bai canja ba: babu sauran wurin ajiya.

A kan bencin shagon hoton Ramla da ke Ƙofar Kwaya, Gwaggo Laraba, ƙanwar mahaifinta, ta gyara mayafi.

"Kwana goma sha ɗaya, Ramla. Hoto guda! Mi kike mashi, gini?"

"Gwaggo, kwamfutar ce..."

"To kira mai gyara. Kafin La'asar hoton Habiba zai isa hannun Hajiya Safiya."

Hajiya Safiya ta nemi a kawo mata hotunan 'yan mata ta nuna wa ɗanta Mudassir, tunda ya ƙi kawo kowa da kansa. Gwaggo ta gabatar da ɗiyarta Habiba, ta ba Ramla aikin gyaran hoton. Abu biyu ne Gwaggo ba ta sani ba. Ramla ta shekara tana son Mudassir a ɓoye. Kuma Mudassir, wanda Gwaggo ba ta taɓa gani ba, shi ne mai gyaran.

Cikin minti ashirin ya iso daga Babbar Kasuwa. Ya rusuna ya gaida Gwaggo, ya tambayi gida da gajiya, sannan ya ja kujera.

"Hajiyar hotuna, yau kuma mi ta yi?"

"Ta cika, Injiniya."

Ya zubar da kwandon sharar kwamfutar, ya goge tarkacen da manhajar ke tarawa. Giga biyu suka samu.

"Ba zai isa ba. Akwai abin da ya cinye wurin." Ya jera foldoji daga babba zuwa ƙarami. "Ga ta. Habiba. Giga sittin, fayil ɗari biyu da sha huɗu."

"Kar ka buɗe!"

"Buɗe, yaro," in ji Gwaggo. "Ɗiyata ce."

Ya buɗe.

Na farko ya yi kyau. Na goma ya fi shi. A na arba'in, haƙorin Habiba ɗaya ya ɓace. A na casa'in ta tsirar da gashin baki. A na ɗari da hamsin tana da furfurar gemu, da tabarau, da hula.

Gwaggo ta saki salati.

"Wanga za a kai ma ɗan Hajiya Safiya? Yaro nitsattse, mai sana'a, wanda aka ce ko kallon mata bai yi?"

Mudassir ya saki linzamin kwamfutar.

"Gwaggo... ni ne."

Gwaggo ta dube shi, ta dubi Ramla.

Ramla ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Duk sanda na gama, sai in ga ta yi kyau da yawa," ta ce a hankali. "Sai in ɗan rage. Kuma ni ba na goge aikin mutane."

"Don mi za ki rage?"

"Ka sani..."

Ya sosa ƙeya.

"To ni ma ina da laifi. Wata bakwai ina zuwa nan, kowane zuwa giga biyu nake sharewa. Da na so, rana ɗaya zan kwashe tsofaffin ayyukanki zuwa ma'ajiyar waje, ki shekara ba ki neme ni ba."

"Kana nufin da gangan ka bar ni ina wahala?"

"Da gangan, rabin raina."

"A gabana!" Gwaggo ta miƙe. "Ɗauko na'urar nan. Gidan Yaya za mu!"

Malam Alamin, mahaifin Ramla, ya saurari ƙarar a zaure. Ya ce abin kunya ne 'yar'uwa ta yi wa 'yar'uwa haka, za a rufe shagon, kuma kada ya sake jin sunan yaron nan a gidansa. Ramla ta fara kuka. Mudassir yana tsugune a bakin ƙofa.

"Nuna mashi mai gemun!" in ji Gwaggo. "Ya gani da idonshi!"

Aka buɗe na ɗari da hamsin. Malam ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"Laraba," ya ce, "wanga ai Baba ne."

"Wane Baba?"

"Babanmu. Dubi goshin. Dubi yadda yake kallon mutum."

Mahaifinsu ya rasu shekara talatin da suka wuce bai yarda an ɗauke shi hoto ko sau ɗaya ba. Gwaggo ta matso. Ta kalli allon, ta zauna a tabarma, ta share ido da bakin mayafi.

"Allah ya jiƙan Baba... Ramla, kina iya ƙara mashi girma?"

"Idan aka samu wuri a kwamfutar, Gwaggo."

Gwaggo ta juya ta harari Mudassir.

"Kai kuma zaman mi kake? Tashi ka share mata duka!"

Da labari ya isa ga Habiba, ta yi dariya har da faɗuwa. Ta ce dama akwai wani Usman da take jin nauyin ambata wa innarta.

Gwaggo da kanta ta lallashi Malam, aka ɗaura auren Ramla da Mudassir bayan wata huɗu. Hoto na ɗari da hamsin yana rataye a falon Gwaggo cikin firam. Baƙi kan tsaya a gabansa su yi wa marigayin addu'a, Habiba tana daga gefe tana cewa amin.