Akwati Biyu, Suna Ɗaya

Da garin fulawa a hancinta Wendell ya fara ganin Noemia. Ya shigo gidan burodin mahaifinta da ke garin Fall River ne don ya buɗe musu shafin ciniki a intanet, sai ya tsaya baki sake har ta ce, "Malam, burodi ko kallo?"

"Duka biyun," in ji shi, sannan kunya ta rufe shi.

Ta ajiye masa malasada mai zafi, wato soyayyen ƙullu mai sukari, ta zauna tana jin bayaninsa. Kwamfuta ɗaya yake haya, a cikinta kowane shagon unguwar da akwatinsa, an rubuta sunan shafinsa a jiki. A bakin ƙofa kuma akwai manhajar da yake kira maigadi. Da an ɗora sabon akwati, maigadi zai karanta sunan ya riƙa tura baƙi can, ba sai an gaya masa ba.

"In ka rubuta sunan da ba shi ba fa?" ta tambaya.

"Maigadi ba ya tambaya. Abin da ya gani yake bi."

Daga ranar ta raɗa masa Maigadi, shi kuma yana ce mata Sukarina. Kan ka ce kwabo, so ya yi musu kamun kazar kuku.

Mahaifinta, Mista Amaral, bai ga abin so ba. "Wannan mai hannu kamar na jariri? Irinsu bayan gilashi suke ɓuya. Ranar da abu ya ɓaci ko ƙeyarsu ba za ki gani ba." Shi Duarte yake so mata, ɗan mai kifi, wanda iyayensa da su 'yan tsibiri ɗaya ne. Noemia ta sha kuka a ɓoye. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu suka rage, kuma ta yi wa kanta alkawari ba za ta shiga coci da kowa ba sai da albarkar tsohon.

Ranar jajibirin Ista, da duk gari ke neman burodin zaƙi, Dona Filomena maƙwabciyarsu ta shigo da guɗa ta rungume ta. "Barka, 'yata! Me kika ce masa?"

"Wa? Na ce me?"

"Ji munafuka! Ga shi can a shafinku!"

Noemia ta buɗe shafin a wayarta, burodi ta gani. Ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa Dona Filomena. Amma da mahaifinta ya buɗe a tasa, fuskarsa ta canza, ya kife wayar ya koma wurin ƙullu. Mutane suka yi ta shigowa, wannan ya ce ya ga hotonta da tambayar aure, wancan ya rantse burodi kawai ya gani.

Ta rubuta wa Wendell: "Maigadi, me ka aikata? Rabin gari na yi min barka. Baba ya yi shiru, ka san shirunsa ya fi faɗansa."

Amsa ta zo: "Wayyo ni! Shafin neman aurenki na yi miki, gwaji kawai nake. Na kwafi akwatinku na manta ban canza suna ba. Maigadi ya ga akwati biyu suna ɗaya, yana raba musu baƙi ɗaya bayan ɗaya. Na sauke shi. Ga ni nan."

"Kada ka zo! Yana riƙe da katakon murza ƙullu."

"Ga ni nan, Sukarina."

Duarte, da ya kawo kifi ya maƙale don kallo, ya leƙa wayarta ya kece da dariya. "Zai zo? In ya zo ku kira ni jaki."

Bai rufe baki ba ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Wendell ne, yana haki, ya sa rigarsa a bai-bai.

Mista Amaral ya fito da katakon a hannu. "Na'ura ce ta yi kuskure, ko? Haka kuke cewa."

"A'a, ranka ya daɗe, ni ne. Abin da na rubuta ta bi. Gobe bayan coci na yi niyyar zuwa wurinka, kafin ita ma ta gani."

"Mu a wurinmu uba ake fara tambaya. Kai ka tambayi mai kifi, ka tambayi Fadan coci, har Filomena ka tambaya!" Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya jefa masa rigar aiki. "Layi ya kai titi saboda kai, 'yan gulma ne rabinsu. Wanke hannu."

Har yamma Wendell na ɗaukar faranti daga tanda. Ya ƙone a yatsa uku, bai yi ko tsaki ba. Noemia tana satar kallonsa, tausayi da tsoro sun cika ta. Duarte kuwa tuni ya sulale, Dona Filomena na tambayar ina jakin ya shiga.

Da aka rufe shago, tsohon ya zauna yana goge hannu. "Kai, yaro. Mayar da akwatin nan."

"Baba?" in ji Noemia.

"Mayar da shi, na ce. 'Yata ce kaɗai a garin nan ba ta gani ba."

Wendell ya taɓa wayarsa. Noemia ta buɗe, burodi ya fito. Ta sake buɗewa, sai ga hotonta na ranar farko, fulawa a hanci, a ƙasa an rubuta: "Sukarina, za ki aure ni?" Hawaye suka zubo mata. Ta dubi mahaifinta, ya gyaɗa kai, shi ma idonsa ya yi ja.

"Zan aure ka, Maigadi," ta ce.

Da bazara aka ɗaura auren. A ƙofar coci Mista Amaral ya sa hannunta cikin na Wendell, ya riƙe su gam.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Yau kam da izinina kuka zama suna ɗaya."