Takardar Sigari a Gidan Fis

Gaban motar madarar gidan Cheema ya ƙone ranar Talata da safe, a kan hanyar Sheikhupura. Hazon hunturu ya rufe hanya, kowa na tafiya da fitila a kunne. Kafin azahar Barkat Cheema ya kai ƙara, wai direbansa Nazir ne ya cinna wutar don sun yi cacar baki. Aka kulle Nazir da ƙonannen hannunsa.

Sufeto Gondal ya shanye shayinsa tukuna, sannan ya je ya tsuguna gaban motar. Babu warin fetur. Bayan fitilar hagu roba ta narke ta dunƙule. Ya zaro ƙwan fitilar da filaya, ya goge gindinsa. An rubuta ƙarfinsa: wat ɗari da talatin.

Ya wuce shagon Ustad Rafaqat mai wayarin mota.

"Ustad, kai ka sa wannan?"

"Ni? Sahib, ban taɓa ganinsa ba."

"Ga kwalinsa can a kwandon shararka."

Ustad ya sosa gemu. "To, ni na sa, jiya. Amma na faɗa wa Barkat wayar motar ta ƙwai mai wat hamsin da biyar ce, wannan zai dafa ta. Na ce a ja waya mai kauri, ya ce madara ba ta jira. Na ce fis zai riƙa tsinkewa."

"Da ya tsinke, da ba a yi gobara ba."

"Ai amfaninsa ke nan, sahib."

Sufeto ya koma ya buɗe gidan fis a ƙarƙashin sitiyari. Wuta ba ta kai nan ba. An naɗe fis ɗin fitila da takardar azurfa ta cikin kwalin sigari, yadda ko ya tsinke wuta za ta ci gaba da wucewa.

A ofis ya tambayi Nazir ko yana shan taba.

"Asma gare ni, sahib. Ko hayaƙin girki ba na iyawa."

Aka kira Barkat. Sufeto ya ba shi kujera.

"Barkat sahib, sam mini karan sigari ɗaya mana."

Barkat ya miƙa kwalin da murmushi. Takardar ciki a yage take. Sufeto ya warware ta jikin fis ɗin, ya haɗa su a kan tebur. Suka dace cif.

Sai Barkat ya ce:

"Sau uku yana tsinkewa da safen nan, na gaji na naɗe shi. Kowa ma haka yake yi. Sahib, motar ta surukina ce. Da wane ido zan dube shi?"

"Sai ka ga gara Nazir ya tafi gidan yari."

Wani kofur ya sa wa Barkat ankwa ya fita da shi.

Wata shida aka yanke wa Barkat saboda ƙarar ƙarya. Nazir kuwa an sake shi a ranar, amma yatsunsa uku da ya fizge wayar mai cin wuta da su ba su sake lanƙwasuwa ba. Bai ƙara riƙe sitiyari ba.