Ƙafar da Ta Buga Lokacin Waƙar Kaka

A ɗakin gwaji na gidan opera, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, suka haɗu, kuma da gyara aka fara. Botond ne mai kaɗa wa mawaƙa piyano, Emőke kuma sabuwar mawaƙiya ce daga ƙauye.

"Malama, kin makara, sannan kin yi gaggawa," in ji shi.

"Duba saman takardar. Mai waƙar ya rubuta a rera kamar magana. A ƙauyukanmu ya ɗauko ta. Kai da agogo kake hira a gida?"

Da yamma ta tura masa saƙo: "Agogona, gobe ka bi numfashina, ba ni zan bi yatsunka ba."

Ya amsa: "To, Makararriyata."

Soyayya ta yi nisa, Emőke ta kai shi ƙauyensu. Bayan an sha miyar kifi mai barkono, kakarta ta fara waƙar makokin mijinta, tana ja inda zuciya ta ja, tana tsayawa inda kuka ya tare ta. Botond, da digirinsa na kiɗa, ya shiga buga ƙafa a ƙarƙashin tebur yana neman ƙidayar. Kowa ya ji.

Kelemen, mahaifin Emőke, ya raka shi ƙofa. "Yaro, uwata na kukan ubana, kai kana yi mata fareti. Ba ni da 'yar da zan ba ka."

Akwai wani Ottó, mawaƙi mai zuwa da furanni, wanda ke iya zubar da hawaye duk lokacin da aka buƙata. Kelemen ya fi son sa. Emőke ta yi shiru kwanaki, Botond ya ɗauka an gama da shi. Sai ga saƙo: "Fushi nake, ba ƙi ba. Ka zo ka nemi aurena da bakinka."

Botond ya tsara jawabi mai kyau, ya haddace har da wuraren numfashi. Da ya tsaya gaban dangi, komai ya gudu.

"Baba, ni dai..." Ya tsaya. "Na yi wauta. Ban san yadda ake... Ina son ta." Sauran ya fito a guje, ya sarƙe, ya sake tsayawa, har ya ambaci marigayi mijin kaka, wanda bai taɓa gani ba.

Kelemen ya buɗe baki, kaka ta ɗaga hannu.

"Bar shi, Kelemen. Wancan mai furannin ko a makoki ba ya tuntuɓe. Wannan ya tsaya inda ya kamata mutum ya tsaya." Ta dubi Botond. "Jikana, haka waƙar take. Wa ya koya maka?"

"Tsoro, Kaka."

An ɗaura aure bayan girbi, lokacin da barkono ke rataye ja a jikin gidaje. Kelemen ya sa musu albarka a gajarce, kamar mai biyan tara. Tsohuwar ta dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya. In ɗayanku ya yi shiru, ɗayan ya jira shi."